Hinjin Ƙofar Motar Kaya Idan Ya Cije Ko Ya Karye: Yadda Ake Gyara Shi Ba Tare Da An Lalata Ƙofa Ba

Shekara tara ke nan ina jigilar kayan gwari daga kasuwar Mile 12 zuwa ƙananan kasuwannin cikin Legas. Motata irin rufaffiyar nan ce mai ƙofa biyu a baya. Tokunbo na saye ta, da ita nake ci da iyali, da ita kuma nake aika wa mutanen gida ɗan abin da ya samu.

Abin da zan yi bayani a kai yau ƙarami ne a ido, wato hinjin ƙofa, wanda wasu ke cewa hinjis. Ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba. Amma a daminar da ta wuce ya ci mini kwandon tumatir shida na mutane, ya zaunar da ni kwana uku babu aiki, kuma saura ƙiris ya jawo mini abin da ya fi asarar kuɗi.

Ƙofar dama ta baya ta daɗe tana kuka. Da farko ƙara kawai take yi idan an buɗe ta, daga baya ta fara tauri, har ya zamana sai yarona ya sa kafaɗa kafin ta buɗu. Kullum ina cewa ranar Lahadi zan duba. Lahadi ta zo ta wuce ta fi sau goma. Wata safiya mun yi lodi, mun kama titin Ikorodu, mun ɗan wuce Ketu, sai na faɗa rami. Na ji ƙwas daga baya. Kafin in samu wurin tsayawa ƙofar ta saki daga sama, ta rataye a hinjin ƙasa kaɗai, makullin ya kuɓuce, kwanduna suka fara sulalowa kan kwalta. Direban danfo da ke bayana Allah ne kawai Ya sa ya kauce. Tumatirin na wata mata ne mai sayarwa a Mushin, kuma sai da na biya ta.

Na ɗaure ƙofar da igiya na lallaɓa zuwa wurin wani dattijo Bayarabe mai gyaran bodi, wanda kowa ke ce masa Baba. Kwana ukun da na yi a garejinsa ban zauna a benci ba, tare muka yi aikin. Daga baya ni da yarona muka gyara sauran hinji uku da kanmu. Saboda haka ganau ne ni a wannan magana, kuma na san 'yan uwa masu J5 da Transit da Sprinter da Boxer a Agege, Alaba Rago, Sabon Ibadan, Shagamu, Anaca da Fatakwal da yawa suna yawo da irin wannan matsala.

Yadda hinjin yake

Hinjin ƙofar mota kashi uku ne. Akwai fiffike ɗaya da ke ɗaure a jikin mota, akwai ɗaya a jikin ƙofa, sai wata 'yar sandar ƙarfe da ta ratsa tsakiyarsu ta haɗa su, wadda kanikawa ke kira fin. A yawancin motoci fin ɗin yana kafe ne a fiffike ɗaya, ɗayan fiffiken shi ke juyawa a kansa. A wurin da ake juyawar akan sa wani ɗan siririn zobe na tagulla ko na roba mai tauri, wato bushin, don kada ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe.

Ratar da ke tsakanin fin da raminsa ƙarama ce ƙwarai, iyakacin inda ɗan maiƙo zai kwanta. Idan maiƙon ya ƙare, ruwa ya shiga, sai tsatsa ta kama. Ita kuwa tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta cinye, ma'ana ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi. To wurin da dama babu fili, ina kumburin zai je? Sai ya cika ratar, fin da fiffike su zama kamar abu ɗaya. Wannan shi ne cijewa.

Daga nan ne ɓarnar ke farawa. Ƙofa doguwa ce, idan ka ja ta daga bakinta kamar ka zura wa sufana bututu ne, ƙarfinka yana ninkuwa sau da yawa kafin ya kai ga hinji. Tunda fin ya ƙi juyawa, dole wani abu ya lanƙwasa a madadinsa: ko fiffiken, ko notinan da suka riƙe shi, ko siririn ƙarfen jikin motar. Ka tuna yadda ake karya waya, a lanƙwasa ta nan, a lanƙwasa ta can, har ta gaji ta tsinke. Haka kullum muke yi wa hinjin da ya cije duk lokacin da muka buɗe ƙofar da ƙarfin tsiya. Ramin da na faɗa ba shi ya karya hinjina ba, ƙarasa shi kawai ya yi. Da Baba ya nuna mini bakin karayar, fiye da rabinsa baƙi ne ƙirin da tsohuwar tsatsa, ɗan gefe kaɗai ne ke sheƙi. Ya ce, “Malam, wannan ɗan farin shi kaɗai ya rage yana riƙe maka ƙofa.”

Me ya sa abin ya fi yawa a nan kudu?

Wanda ya saba da mota a Kano ko Sakkwato zai yi mamakin yadda ƙarfe ke ruɓewa a nan. Ruwan da ake yi a Legas a shekara ya kusa ninka na Kano, kuma damina biyu ake yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba. Ko ba a ruwa iska cike take da laima, ga gishirin teku da take ɗaukowa, gishiri kuwa yana hanzarta tsatsa. A arewa rani yana busar da komai wata da watanni. Nan hinji kan kwana ya wuni a jiƙe.

Na biyu, motocin tokunbo da yawa da tsatsarsu suke zuwa, domin a Turai ana watsa gishiri a kan hanya lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Na uku, hinjin ƙofar baya na motar kaya yawanci a waje yake, ruwan sama da laka suna dukansa kai tsaye. Na huɗu, irin kayan da muke ɗauka. Ruwan tumatir yana da tsami, masu kifi da masu fata kuma suna fama da gishiri. Na biyar, wurin wankin mota. Wannan injin mai feso ruwa da ƙarfi yana wanke ɗan maiƙon da ya rage, ya cusa ruwa da sabulu a ciki, mu kuma mu tafi muna murna mota ta yi fes.

Alamomin da ya kamata ka lura da su

Hinji ba ya karyewa rana ɗaya, yana ba da sanarwa. Idan ƙofa tana kuka, ko ta yi tauri, ko ka ga jan ruwan tsatsa yana gangarowa daga hinji bayan an yi ruwa, to ta fara. Idan kana buɗewa ka ga ƙarfen jikin mota da ke kusa da hinjin yana motsi kamar yana numfashi, ko fenti ya tsage a wurin, abin ya yi nisa, ka daina buɗe ƙofar nan sai an duba.

Akwai kuma kishiyar cijewa, wato sakewa. Ka buɗe ƙofa kaɗan, ka kama bakinta daga ƙasa ka ɗaga sama. Idan ka ji tana ƙwas-ƙwas, bushin ko fin ya cinye. Irin wannan ƙofar takan sauka ƙasa, sai an ɗaga ta ko an buga da ƙarfi kafin ta kulle.

Kayan da za ka tanada

Man feshi mai ratsa tsatsa, irin su WD-40. Guduma. Ƙarfen bugu mai zagayen baki wanda bai kai fin ɗin kauri ba. Buroshin waya, magagari da samfefa. Jak da guntayen katako. Giris da baƙin mai. Alli ko maka. Sai sufanu da soket daidai da notinan motarka. A nan ka kula: motocin Japan sun fi amfani da lamba 10, 12 da 14, na Turai kuma 13, da yawansu ma kan notin mai ramin tauraro ne da ake kira Torx, wanda sai makullinsa na musamman. Kada ka cusa wanda bai zauna daidai ba. Ramin tauraron nan idan ya goge, aikin awa ɗaya ya koma na wuni guda.

Sai abu mafi muhimmanci: mutum na biyu. Ƙofar motar kaya ba abin da mutum ɗaya zai riƙe yana kwance noti ba ne.

Idan ya cije amma bai karye ba

Mataki na farko haƙuri ne. Ka kankare tsatsa da laka daga sama da ƙasan fin da buroshin waya, da kuma tsagar da ke tsakanin fiffiken biyu. Ka fesa mai sosai, ka ɗan bubbuga jikin hinjin da guduma a hankali don girgizar ta farfasa tsatsar ciki mai ya samu hanya. Ka bar shi. Ka sake fesawa da yamma, ka sake da safe. Hinjina na hagu kwana biyu na yi ina jiƙa shi kafin ya motsa. Wanda ya fesa ya fara jan ƙofa bayan minti biyar ɓarnar mai kawai ya yi.

Idan babu man feshi, gas na mota ko kananzir da aka haɗa da ɗan baƙin mai yana taimakawa, sai dai ya fi jinkiri. Wasu kanikawa suna zuba man birki. Yana ratsawa, amma yana cin fenti, kuma inda fenti ya tashi nan sabuwar tsatsa za ta sauka. Fetur kuwa kada ka kusanto da shi.

Bayan ya jiƙu, ka sa jak da katako a ƙarƙashin bakin ƙofar ka ɗan ɗauke mata nauyi don ka ga ko za ta saki, sannan ka riƙa motsa ta kaɗan-kaɗan, gaba da baya, iyakar inda take zuwa da kanta. Idonka a kan hinji. Idan fiffike yana juyawa a kan fin kuma jan mai yana fitowa, kana kan hanya, ka ƙara mai ka ci gaba har mai tsabta ya fara fitowa. Idan kuwa ƙarfen bodi ne ke lanƙwasawa, ka tsaya nan take.

Idan ya ƙi, sai a cire fin

Kafin ka taɓa komai, ka zagaye fiffiken biyu da maka ko alli don ka san ainihin inda suke zaune. Ramukan noti suna da ɗan fili don saiti, idan ba ka yi alama ba za ka sha wahala wajen mayarwa. Ka cire ɗan ƙarfen da ke hana ƙofa wuce iyaka idan an buɗe. Ka duba wayoyin da suka shiga cikin ƙofar, na fitilar lamba ko na makulli, ka zare su daga mahaɗarsu, kada ka yanke. Ka tallafe ƙofar da jak da katako, abokin aikinka ya riƙe ta.

Sai ka duba fin ɗin da kyau. Wani yana da ɗan zoben makulli a ƙarshensa, sai an cire shi tukuna. Kuma kusan kowane fin ta gefe ɗaya kawai yake fita, wato gefen da kansa yake, domin a ƙarƙashin kan akwai wasu zane-zane kamar haƙora da ke kafe shi. Idan kai yana sama, daga ƙasa za ka bugo shi. Na ga wanda ya wuni yana dukan fin ta kansa, yana ƙara cusa shi ciki yana zagin masu ƙera motar.

Kada ka doki ƙarshen fin da guduma kai tsaye. Bakin zai baje ya yi faɗi, daga nan ba zai ƙara bin ramin ba. Ka ɗora ƙarfen bugu a tsakiyarsa ka yi duka mai nauyi, kaɗan amma a daidai. Idan wani ya riga ya baje bakin, ka goge shi da magagari kafin ka ci gaba.

Abin da ya fi sauƙi, kuma shi Baba ya fi so, shi ne a kwance hinjin gaba ɗaya daga mota a kai shi kan teburin aiki. A can ana ɗora shi a kan soket ko guntun bututu wanda raminsa ya fi kan fin faɗi, a buga ko a matse, fin ya faɗa cikin ramin. Dukan da ake yi a jikin mota rabinsa bodi ke shanyewa, ga lotsa ƙarfe da fasa gilashi.

Maganar wuta

Idan mai da guduma sun gaza, sai zafi. Ƙarfe idan ya ji wuta yana buɗewa. Saboda haka ana gasa kunnen fiffiken da ya kewaye fin, shi ake so ya buɗe ya saki. Ana bugawa tun yana da zafi. In bai fita ba a bar shi ya huce, a sa mai, a sake. Wannan buɗewa da tsukewa ita ke farfasa tsatsar.

Amma fa wuta ba wasa ba ce. Man feshin nan yana kamawa, ka goge shi ka bar shi ya bushe kafin a kawo wuta, kuma kada ka fesa shi a kan ƙarfe mai tsananin zafi. Ka fitar da galan ɗin man da da yawanmu ke ajiyewa a bayan mota, da buhuna da kwali. Ka san ta gefen da tankin mai yake. Idan a jikin mota za a gasa, a cire fitilar baya da robar bakin ƙofa, a rufe fenti da gilashi da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye abin kashe gobara kusa. Kuma ka sani bushin ɗin roba zai narke, dole a sa sabo. Wannan aikin na mai walda ne ko mai gyaran bodi, ni dai ban ba kowa shawarar ya gwada shi da risho a ƙofar gida ba.

Idan duk an yi ya ƙi, saura huji. Ana yin alama a tsakiyar fin daidai, a fara da ƙaramin baki kamar milimita 3 ko 4, a riƙa ƙara girma, injin yana tafiya a hankali ana ɗiga mai. Idan bangon fin ya yi siriri sai ya saki. Haɗarin shi ne hujin ya karkace ya ci ramin fiffike. Wani fin ɗin kuma an ƙarfafa shi, baki na yau da kullum ba ya cinsa. Idan abin ya kai nan, ka lissafa kuɗin aiki da lokacinka, sau da yawa sayen wani hinjin ya fi araha.

Idan ya riga ya karye

Karaya iri uku ce, kowace da maganinta.

Ta farko, fiffiken ne da kansa ya karye, irin nawa. Mai walda zai ce maka minti goma ya haɗa shi. Zai haɗu kam, amma ka tambayi kanka wane irin ƙarfe ne. Idan farantin ƙarfe ne da aka lanƙwasa, walda mai kyau tana riƙewa, muddin an goge bakin karayar an yi masa kwari, an cika ta ciki da waje. Idan zubi ne, wanda bakin karayarsa ke da ɓarzo-ɓarzo kamar an fasa tukunya, waldar bakin titi takan sake tsagewa a gefen ɗinkin. Idan kuma maganaɗisu bai kama shi ba, yawanci alminiyom ne, waldar yau da kullum ba ta yinsa sam. Ni na so a yi mini walda saboda aljihu. Baba ya ce, “Malam, zan yi maka in ka matsa, amma kada ka ce ni na yi.” Da na ji haka na tafi Ladipo. Ra'ayina yanzu shi ne waldar fiffike ta kai ka gida ce kawai, abin da ke riƙe ƙofa a bayan kaya masu nauyi canzawa ake yi. Kuma ko an yi waldar, in ba a saki fin ɗin da ya cije ba, wurin zai sake karyewa, tunda ba a taɓa tushen ciwon ba.

Ta biyu, noti ne ya guntule a ciki. Dabarar masu walda ita ce a ɗora wani noti a kan guntun, a cika tsakiyarsa da walda, a bar shi ya ɗan huce, a juya da sufana. Zafin waldar ma yana taimakawa wajen sakin tsatsa. Ka kuma kula, a wasu motocin notinan suna kama wani faranti ne da ke ɓoye a cikin ƙofa ko cikin ginshiƙin mota. Idan ka kwance duka lokaci ɗaya farantin na iya faɗawa ciki. Ka cire murfin cikin ƙofar ka duba kafin ka zare na ƙarshe.

Ta uku ita ce mafi muni: ƙarfen bodi ne ya yage a kewayen hinji. A nan shafa walda a kan tsaga ba ta wadatarwa. Ana huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai ga ƙarfe mai lafiya, a sa faci mai kauri daga ciki wanda ya fi fiffiken faɗi, sannan a yi fenti ciki da waje. Kafin a fara waldar lantarki a cire kan batir, musamman motocin da ke da kwamfuta. Wayar ƙasa ta injin walda kuma a maƙala ta kusa da inda ake aiki, a jikin ƙarfen da ake ɗinkewa, don kada wuta ta bi ta cikin hinji ko wayoyin mota.

Wajen saye

A Legas akwai Ladipo da Owode Onirin. A Ibadan akwai Agodi Gate, a Benin akwai Uwelu, a Fatakwal akwai Ikoku, a yankin Anaca kuma akwai Nkpor da Mgbuka Obosi. Ka tafi da tsohon hinjin a hannunka, ko da guntu biyu ne. Na sama daban yake da na ƙasa a motoci da yawa, na dama daban da na hagu. Wani yana buɗe ƙofa zuwa gefe kawai, wani yana zagayawa da ita har ta kwanta a jikin mota. Ka ɗora su kusa da juna, ramukan noti su yi daidai. Ka lanƙwasa shi da hannunka: ya juya ba tauri, kuma kada ya yi lako-lako. Kada ka yarda da “sa mai kawai zai saki”, ai abin da ya kawo ka ke nan. Ka duba bayan fiffike ko an yi walda an shafe da fenti. Ka sayi notinansa tare. A kan noti mai ƙarfi za ka ga an rubuta 8.8 ko 10.9, kada ka musanya shi da na kafinta.

Mayarwa da saiti

Ka goge inda fiffike zai zauna da samfefa har ƙarfe ya fito, ka shafa fentin hana tsatsa ya bushe. Ka cika ramin hinji da giris, ka shafa wa fin kafin ya shiga, kansa ya koma gefen da ya fito. Idan an rasa fin an sa dogon noti, ya zama mai santsin jiki a inda fiffike ke juyawa, domin zaren noti yana cin rami kamar magagari. Ƙusa da rodi ba fin ba ne.

Ka ɗaura notinan duka amma kada ka matse. Ka daidaita da alamar da ka yi, ka rufe ƙofa a hankali, ka duba ratar da ke kewaye da ita, sama da ƙasa su zo ɗaya, ƙofofin biyu su yi kai ɗaya. In ta sauka, ka ɗaga da jak kaɗan. Idan ta zauna sai ka matse, ka cire jak, ka sake gwadawa. Hinji ake fara saitawa, sannan ƙarfen da makulli ke kamawa. Kada ka ja makulli ƙasa don ya bi ƙofar da ta karkace. Ƙofa mai lafiya da hannu ɗaya take rufuwa.

Gwaji na ƙarshe: ka sa takarda tsakanin ƙofa da roba ka rufe, ka ja. Idan ta zare ba tare da ta riƙe ba, wurin bai kama ba. Wannan ya wuce maganar ruwa ya jiƙa buhun albasa. Mota idan tana tafiya, iskar bayanta tana jawo hayaƙin salansa, in akwai rata sai ya shigo ciki. A cikin hayaƙin nan akwai guba marar wari mai sa ciwon kai da gyangyaɗi, tana kuma kisa. Ka tuna da yaran da ke zama a baya tare da kaya, da mu da ke kwana a mota a tasha injin yana aiki. Bayan mako ɗaya ana aiki ka sake bin notinan da sufana.

Rigakafin bai kai minti biyar ba

Yanzu duk ranar da na canza baƙin mai sai na bi hinjin motar duka, na gaba da na baya, da layin ƙofar gefe, na ɗiga mai na buɗe na rufe sau biyar-shida, na goge abin da ya zubo don kada ya tara ƙura. Da damina kowane mako biyu nake yi, haka kuma duk ranar da aka wanke mota da inji ko na ratsa ambaliya. Man feshi na saki ne, ba ya daɗewa, sai a bi shi da baƙin mai ko giris. Manja da man gyaɗa kuma na miya ne, a hinji daskarewa suke su zama danƙo. Na kuma hana yarona abu biyu: rataya a jikin ƙofa idan zai hau, da danna ta da ƙarfi a kan lodin da ya wuce baki.

Har yanzu ina ganin motoci a Mile 12 ƙofarsu ɗaure da igiya ko robar taya. Na san halin da ake ciki, wuni ɗaya babu lodi ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Amma igiya ba ta riƙe ƙofa idan kwando talatin suka jingino mata a kan gada, kuma ita ce abin da jami'an hanya ke fara hangowa. Kuɗin hinjin da na saya da ladan Baba duka ba su kai abin da na biya matar nan na tumatirinta ba, balle kwana ukun da na rasa.

Yau idan ka sauke kaya, ka buɗe ƙofar baya a hankali ka saurara. In ta yi kuka, ka nemo mai tun kafin ka tafi gida. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a nema.